Annabcin Irmiya Kan Bautar Talala a Babila: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan tasowa a ajin nazarin Littafi Mai Tsarki, a makarantar Lahadi da taron zumunta, duk lokacin da karatu ya kai kan Irmiya sura 25 da 29. Shekarun zamanin dā da aka ambata duk na kafin haihuwar Almasihu ne, saboda haka lissafinsu raguwa yake yi: shekara ta 605 ta riga ta 586 zuwa.

Mene ne ainihin abin da Irmiya ya annabta?

A shekara ta huɗu ta sarautar Yehoyakim, sarkin Yahuza, wato 605, Irmiya ya tsaya gaban mutanen Urushalima ya ce musu shekara 23 ke nan yana gargaɗi ba su kasa kunne ba. Don haka Ubangiji zai kawo mutanen arewa ƙarƙashin Nebukadnezzar, sarkin Babila, su auka wa ƙasar da al'umman da ke kewaye da ita. Ƙasar za ta zama kufai. Za a daina jin muryar ango da ta amarya, a daina jin ƙarar dutsen niƙa, fitila ta mutu a gidaje. Al'umman nan za su bauta wa sarkin Babila shekara 70, bayan haka ita ma Babila ta sha nata hukuncin. Wannan yana cikin Irmiya 25:1-14.

Ragowar maganar ta zo a sura 29, cikin wasiƙar da ya aika wa waɗanda aka riga aka kwashe: in shekara 70 ɗin Babila ta cika, Ubangiji zai waiwaye su ya komo da su gida. Ke nan annabcin a kan abu uku yake zaune kamar tukunya a kan murhu: hukunci, wa'adi, da komowa. Yawancin kurakuran da ake yi wajen fassara shi daga zare dutse ɗaya suke tasowa.

Wane ne Irmiya, kuma wane irin zamani ya yi?

Ɗan gidan firistoci ne daga Anatot, wani ƙauye a yankin Biliyaminu, kusa da Urushalima ta arewa maso gabas. An kira shi a shekara ta 13 ta sarki Yosiya, wajen 627, ya yi fiye da shekara 40 yana annabci, ya ga sarakuna biyar: Yosiya, Yehowahaz, Yehoyakim, Yehoyakin da Zadakiya.

Zamanin canjin hannu ne a duniyarsu. Assuriya, wadda ta ci Samariya a 722 ta kwashe mutanen Isra'ila ta arewa, ƙarfinta ya ƙare. Babban birninta Nineba ya faɗi a 612. Masar da Babila suka shiga kokawar wa zai gaje ta. Fir'auna Neko ya kashe Yosiya a Magiddo a 609, sa'an nan a 605 Nebukadnezzar ya fatattaki rundunar Masar a Karkemish, bakin kogin Yufiretis. Yahuza ƙaramar ƙasa ce a kan hanyar da ke tsakanin manyan biyu, fadarta kuma ta rabu: wasu hakimai na cewa a jingina da Masar, wasu na cewa a biya Babila haraji a zauna lafiya. Kufan Babila yana nan har yau a Iraƙi, kusa da garin Hilla, kudu da Bagadaza.

Wane laifi mutanen Yahuza suka yi da ya jawo irin wannan hukunci?

Na farko bautar gumaka, kuma ba a ɓoye ba. Irmiya 7:18 ya nuna yadda gida guda kan haɗa hannu a kai: yara na tara itace, iyaye maza na hura wuta, mata na kwaɓa gari don yi wa wadda suke kira sarauniyar sama waina. A Tofet, cikin kwarin Hinnom, har 'ya'yansu suke ƙonawa hadaya. Duk da haka ba su daina zuwa Haikali ba. Sun haɗa ne, nan a taɓa, can a taɓa.

Na biyu zalunci, kuma a nan ne wa'azi kan yi saurin wucewa, alhali Irmiya bai wuce da sauri ba. A sura 22 ya tunkari Yehoyakim kansa, wanda ke gina fada mai benaye da manyan tagogi, ana lulluɓe ta da katakon al'ul ana shafa mata jan fenti, amma ma'aikatan ba a biyan su ladan aikinsu. Ya tuna masa da mahaifinsa Yosiya, wanda ya ci ya sha kamar kowane sarki amma ya tsaya wa matalauci da mabukaci a wurin shari'a, ya ce wannan shi ne sanin Ubangiji. Sura 34 ta fi ɗaci. Da Babilawa suka kewaye birnin, Zadakiya da manyan gari suka ɗauki alkawari a Haikali cewa kowa zai 'yantar da bayinsa Ibraniyawa. Suka sake su. Da rundunar Masar ta taso Babilawa suka janye na ɗan lokaci, sai iyayengijin suka bi bayin nan suka sake kama su. Tuban da tsoro ya haifa ke nan: da tsoron ya kau, tuban ya bi shi.

Hukuncin kuma bai zo musu a matsayin sabon abu ba. Littafin Firistoci 26 da Maimaitawar Shari'a 28 sun riga sun ce in jama'a ta karya alkawari, ƙarshen horon shi ne a tumɓuke ta daga ƙasar a warwatsa ta cikin al'ummai. Irmiya sharuɗɗan tsohon alkawari yake karanta musu.

Me ya sa ba su yarda da shi ba?

Suna da hujjar da take kama da bangaskiya. A 701, zamanin Hezekiya, Sennakerib na Assuriya ya ci garuruwan Yahuza amma bai iya cin Urushalima ba. Daga nan mutane suka ɗauka birnin da Haikali yake ciki ba ya ciwuwa har abada. Irmiya ya tsaya a ƙofar Haikalin ya ce su daina dogara ga maimaita cewa wannan Haikalin Ubangiji ne, su je Shilo su ga abin da ya sami wurin sujadar da ya riga shi. Saura kaɗan a kashe shi a ranar (sura 7 da 26). Wani annabi mai suna Uriya da ya faɗi irin wannan magana, har Masar Yehoyakim ya sa aka bi shi aka dawo da shi aka kashe.

Ga kuma annabawa masu daɗin baki. A shekara ta huɗu ta Zadakiya, Irmiya yana yawo da karkiyar itace a wuyansa, alamar a miƙa wuya ga Babila. Hananiya mutumin Gibeyon ya tare shi a Haikali gaban firistoci da jama'a, ya ce cikin shekara biyu za a dawo da kayan Haikali da sarki Yehoyakin da dukan kamammu, ya cire karkiyar ya karya. Abin lura, Irmiya bai zage shi ba. Cewa ya yi amin, Allah ya sa haka, amma annabin da ya yi alkawarin salama sai maganarsa ta cika ake sanin Ubangiji ne ya aiko shi. Ya kama hanyarsa ya tafi. Daga baya ya dawo da saƙo cewa an karya ta itace, ta ƙarfe za ta maye gurbinta, Hananiya kuma ba zai ga ƙarshen shekarar ba. A wata na biyar aka yi gardamar, a wata na bakwai ya rasu (sura 28).

Hukuncin ya riga ya yanku ne, ko da sun tuba da an fasa?

Littafin ya nuna ƙofa a buɗe take, sai dai tana ta ƙuntata. A gidan maginin tukwane (sura 18) Ubangiji ya ce in ya yi shelar tumɓuke wata al'umma, ita kuwa ta juyo daga muguntarta, zai janye masifar. Dattawan ƙasa ma sun san haka: a sura 26 sun tuna cewa Mika ya taɓa annabcin za a nome Sihiyona kamar gona, Hezekiya ya ji tsoron Allah, abin bai auku a zamaninsa ba. Ko littafin da Baruk, magatakardan Irmiya, ya rubuta daga bakin Irmiya, dalilin rubuta shi shi ne wataƙila su ji su juyo. Aka kai wa Yehoyakim yana zaune a ɗakinsa na lokacin sanyi, wuta na ci a kasko gabansa. In an karanta shafi uku ko huɗu sai ya sa wuƙa ya yanke ya jefa a wuta, har littafin ya ƙare (sura 36).

Bayan irin wannan ne ake samun wuraren da aka hana Irmiya yi wa jama'ar addu'a, da inda aka ce ko Musa da Sama'ila ne suka tsaya roƙo ba za a saurara ba (15:1). A sura 19 tulun da ya riga ya gasu ne ya fasa gaban dattawa, wanda ba ya gyaruwa. Duk da haka, ana cikin kewayen ƙarshe ya gaya wa Zadakiya in ya fita ya miƙa wuya, ba za a ƙone birnin ba, shi da iyalinsa za su rayu (38:17). Mulkin Babila ya riga ya tabbata a lokacin, amma ƙonewar Urushalima ba dole ba ce. Zadakiya ya ce yana tsoron Yahudawan da suka riga suka koma wajen Kaldiyawa, wato Babilawa, kada su wulaƙanta shi.

Yaya abin ya faru? Rana ɗaya aka kwashe su?

A'a, kashi-kashi ne. Littafin Daniyel ya fara da labarin wasu samari 'yan gidan sarauta da aka kai Babila tun zamanin Yehoyakim. Babban kwasa na farko ya zo bayan Yehoyakim ya daina biyan haraji. Ya rasu kafin a gama da shi, ɗansa Yehoyakin ya hau, wata uku kacal ya yi ya miƙa wuya a watan Maris na 597. Aka tafi da shi da mahaifiyarsa, da hakimai, jarumawa, maƙera da masu sana'a, da dukiyar Haikali. Ezekiyel yana cikin wannan ayari. Nebukadnezzar ya naɗa baffan sarkin, Mattaniya, ya sauya masa suna zuwa Zadakiya.

Shi ma Zadakiya ya tayar, yana sa ran taimakon Masar. Aka kewaye birnin daga shekara ta tara ta mulkinsa har ta goma sha ɗaya, yunwa ta kai inda littafin Makoki ya kwatanta. Da aka huda garu sarkin ya gudu da dare, aka kama shi a filayen Yariko, aka kai shi Ribla. A gabansa aka yanka 'ya'yansa maza, sa'an nan aka ƙwaƙule masa idanu. Bayan wata guda Nebuzaradan, shugaban matsara, ya ƙone Haikali da fada, ya rushe garu. Masana sun rabu tsakanin 587 da 586 saboda bambancin yadda ake ƙirga shekarun sarauta. An yi wani kwasa kuma wajen 582.

Mutum nawa aka kwashe? Ƙasar ta zama babu kowa ke nan?

2 Sarakuna 24:14 ya ce mutum 10,000 a kwasan 597. Irmiya 52:28-30 ya kawo 3,023, da 832, da 745, jimla 4,600 a kwasa uku. Bayanin da aka fi bayarwa shi ne ƙaramin lissafin na magidanta maza ne kawai, babban kuma an dunƙule shi ne. Nassi bai faɗi dalilin ba.

Ƙasar ba ta zama fanko ba. An bar talakawa su kula da gonaki da kurangar inabi, aka naɗa Gedaliya gwamna a Mizfa. Abin da aka kwashe shi ne kan al'umma: sarauta, firistoci, marubuta, sojoji da masu sana'a. Ba a daɗe ba wani ɗan gidan sarauta mai suna Isma'ilu ya kashe Gedaliya, sauran suka tsorata suka gudu Masar, suka tafi da Irmiya ba da son ransa ba. A Tafanes aka ji maganarsa ta ƙarshe-ƙarshe, nassi kuma bai nuna ya taɓa zama a Babila ba.

Daga ina ake fara ƙirga shekara 70, a ina kuma ta ƙare?

Nan ne gardama ta fi yawa, domin daga ƙonewar Haikali a 586 zuwa umarnin Sairus sarkin Farisa na barin Yahudawa su koma gida a 538 bai kai shekara 50 ba. Amma a duba yadda aka faɗi maganar: Irmiya 25:11 ya ce al'ummai za su bauta wa sarkin Babila shekara 70, 29:10 kuma ya ce in shekara 70 ta cika wa Babila. Wa'adin mulkin Babila ake nufi, ba lallai adadin shekarun da kowane Bayahude zai yi a can ba. In an ƙirga daga 609, lokacin da ragowar ƙarfin Assuriya ya ƙare, zuwa 539 da Sairus ya ci Babila, 70 ce cif. Wasu kan fara daga 605, shekarar annabcin kansa, su kai wajen 536 da masu komowa suka sa harsashin sabon Haikali. Wasu kuma Haikalin suke dubawa: an rushe shi a 586, aka gama sabon a shekara ta shida ta Dariyus sarkin Farisa, wato 516 ko farkon 515. Zakariya 1:12 ya fi karkata nan, domin wajen 520 yana maganar shekara 70 ta fushi a kan Urushalima.

A ganina ba sai an tilasta wa ɗaya ya kore sauran ba. Saba'in a harshen nassi tsawon ran mutum ce (Zabura 90:10), Ishaya 23:15 ma ya ba Taya irin wannan wa'adi. Saƙon da mai sauraro ya ɗauka a ranar shi ne: kai da kake jin maganar nan ba za ka ga ƙarshenta ba, jikokinka ne za su gani. Shi ya sa ta yi zafi idan aka gwada ta da shekara biyun Hananiya.

Littattafan baya sun ƙara mata ma'ana. 2 Tarihi 36:21 ya ce ƙasar ce ta rama hutun Asabar ɗinta da aka hana ta, yana komawa ga Littafin Firistoci 26:34-35. Daniyel 9 ya nuna Daniyel yana nazarin wannan annabci yana addu'ar tuba, aka amsa masa da bakwai sau saba'in. Wannan wani babi ne daban, kuma masu amfani da shi su sa ranar ƙarshen duniya sun sha kunya ba sau ɗaya ba.

Ta yaya Allah zai kira mugun sarki kamar Nebukadnezzar bawansa?

Sau uku aka kira shi haka (25:9, 27:6, 43:10), kuma ba yabon halinsa ba ne. Nufin shi ne yana aiwatar da abin da bai san wa ya sa shi ba. Shi dai haraji da faɗaɗa mulki ne a gabansa. Ishaya 10 ya faɗi irin wannan game da Assuriya, ya kira ta sandar fushi, ya kuma ce za a hukunta ta saboda girman kanta. Annabi Habakuk bai ɓoye damuwarsa ba, ya tambayi Allah yadda zai yi shiru mugu yana haɗiye wanda ya fi shi adalci. Tambayar halal ce tunda nassi da kansa ya ajiye ta.

Babila ba ta tsira ba. Sura 50 da 51 dukansu a kanta suke, har Irmiya ya ba Seraiya rubutun ya ce ya karanta a can, ya ɗaura masa dutse ya jefa cikin Yufiretis, alamar haka za ta nutse. Zama abin horo a hannun Allah bai wanke kowa daga jinin da ya zubar ba. A riƙe wannan don tambayar 'yan gudun hijira da za ta zo a gaba.

Wanda ya ce a miƙa wuya ga abokan gaba ana tsakiyar yaƙi, ba maci amanar ƙasa ba ne?

Haka hakiman Zadakiya suka ce: yana kashe wa sojoji gwiwa. Sun doke shi, sun kulle shi, a ƙarshe suka zura shi cikin rijiyar da ba ruwa sai taɓo, ya nutse a ciki. Wanda ya cece shi baƙo ne a fadar, Ebed-melek mutumin Kush, ƙasar da ke kudu da Masar inda Sudan take a yau. Ya je gaban sarki ya ce abin da aka yi mugunta ne, ya samo tsummoki ya zura masa da igiya, ya ce ya sa su a hammata kada igiyar ta ji masa ciwo, suka jawo shi (sura 38).

Abin da ya wanke Irmiya shi ne abin da ya yi da kuɗinsa da ƙafarsa. Yana tsare, birni a kewaye, ya sayi gonar ɗan baffansa Hanamel a Anatot kan shekel 17 na azurfa, aka sa hannu gaban shaidu, ya ce a ajiye takardun cikin tukunyar ƙasa don su daɗe, gama za a sake sayen gidaje da gonaki a ƙasar nan (sura 32). Da birnin ya faɗi aka ba shi zaɓi ya tafi Babila a kula da shi, ya zaɓi zama da talakawan da aka bari.

Yaya zaman Babila ya kasance? Cikin sarƙa suka zauna?

Ba kamar bautar Masar ba ce. An zaunar da yawancinsu ƙungiya-ƙungiya a ƙauyuka bakin magudanan ruwa, suna noma filayen sarki suna biyan haraji da aiki. Ezekiyel yana Tel-abib bakin kogin Kebar, yana da gidansa, dattawa na zuwa su zauna gabansa. Wasiƙar Irmiya ta ce su gina gidaje, su dasa lambuna, su yi aure su aurar da 'ya'yansu, su nemi zaman lafiyar birnin da aka kai su, su yi masa addu'a. Amma kada sauƙin ya ruɗe mu: Zabura 137 daga can ta fito, kuma wanda ya karanta ta har ƙarshe ya san irin ciwon da ke zukatansu.

Da aka ba da izinin komowa, Ezra 2:64 ya ƙirga mutum 42,360. Da yawa sun yi zamansu, har Babila ta zama babbar cibiyar Yahudawa na ɗaruruwan shekaru.

Irmiya 29:11, ayar shirin alheri da bege, tawa ce ko tasu?

Ayar tana jikin kalanda da katin gayyatar aure, kuma ba laifi mai bi ya sami ta'aziyya a cikinta, domin halin Allah da ta bayyana bai sauya ba. Sai dai a karanta aya ta 10 tukuna. Waɗanda aka faɗa wa maganar an gama gaya musu ne cewa ba za su koma gida kwanan nan ba, su kwance kaya. Yawancin manyan da suka ji an karanta wasiƙar a Babila aka binne su. Alkawarin na jama'a ne gaba ɗaya, ya cika a kan 'ya'ya da jikoki.

Saboda haka wanda ya mai da ayar tabbacin cewa bana zai sami aiki ko biza, maganar Hananiya ya sa a bakin Irmiya. Ayar ta fi amfani ga wanda jiransa ya yi tsawo, wanda yake bukatar a ce masa ya ci gaba da shuka ko da amsar ba ta zo a lokacinsa ba.

Adalci ne 'ya'ya su sha hukuncin laifin iyaye?

Kamammun da kansu sun yi wannan ƙorafi, har ya zama karin magana a bakinsu: iyaye sun ci 'ya'yan inabi masu tsami, haƙoran 'ya'ya suka mutu. 2 Sarakuna 24:3-4 ya danganta faɗuwar da zunuban Manassa, wanda ya rasu tun kafin a kira Irmiya. Irmiya 31:29-30 da Ezekiyel 18 suka amsa cewa kowa zai amsa nasa laifin. Abu biyu ne a nan: sakamakon ɓarnar shugabanni yakan faɗa kan waɗanda ba su ji ba ba su gani ba, amma alhakin zunubi a gaban Allah ba a gadonsa. Kuma tsarar Irmiya ba ta da bakin cewa ita mai tsabta ce. Duba amsar da ke kan laifofinsu.

Nan da nan bayan wannan magana aka yi alkawarin sabon alkawari, wanda za a rubuta a zuciya (31:31-34). Yesu ya ambaci sabon alkawari a kan ƙoƙon jibin ƙarshe, Ibraniyawa 8 kuma ta kawo nassin gaba ɗayansa.

Akwai shaidar wannan tarihi a wajen Littafi Mai Tsarki?

Akwai, kuma wannan zamani yana cikin waɗanda suka fi samun shaida. Wani allon yumɓu na tarihin sarakunan Babila da ke gidan tarihi na Birtaniya a Landan ya ce a shekara ta bakwai Nebukadnezzar ya ci birnin Yahuza ran biyu ga watan Adar, ya kama sarkinsa, ya naɗa wanda yake so. Daga nan aka samo ranar 16 ga Maris, 597. A kufan Babila an tono allunan rabon abinci da suka ambaci man da ake ba Yehoyakin sarkin Yahuza da 'ya'yansa biyar. A Lakish, a 1935, an sami wasiƙun soja rubuce a kan katangar tukwane. Ɗaya na cewa suna duban alamar wutar Lakish domin ba sa ganin Azeka, garuruwa biyun da Irmiya 34:7 ya ce su ne suka rage. Akwai kuma takardun haya da bashi daga wani ƙauye a Babila da ake kira garin Yahuza, cike da sunayen Yahudawa.

Rubutun Sairus da aka tono a 1879 ya nuna yana mai da gumaka da mutane wurarensu, amma bai ambaci Yahudawa da suna ba, don haka kada a ɗora masa abin da bai faɗa ba. Tono yana tabbatar da aukuwar abu; cewa hukuncin Allah ne, wannan maganar annabi ce da ake karɓa ta bangaskiya.

Maƙwabtanmu Musulmi sun san wannan labari?

Sun san shi ta wata fuska. Suratul Isra'i, wadda ake kuma kira Suratu Bani Isra'ila, aya ta 4 zuwa ta 7, ta ce Bani Isra'ila za su yi ɓarna a ƙasa sau biyu, a aiko musu da mayaƙa masu tsananin ƙarfi. Malaman tafsiri da yawa sun ambaci Bukhtanassar, wato Nebukadnezzar, a ɗaya daga cikin biyun, ko da yake sun saɓa kan wanne. Sunan Irmiya bai zo a Alƙur'ani ba, sai a littattafan tafsiri da tarihi.

To waɗanda rikici ya raba da gidajensu a yau, hukuncin Allah ne a kansu?

Ana jin wannan tambaya daga bakin mutanen da suka bar ƙauyukansu a Borno, Adamawa, Filato, Binuwai, Kudancin Kaduna da Zamfara, wani lokaci kuma wani mai wa'azi ne ya jefa musu ita. Amsa a taƙaice: ba wanda yake da izinin faɗin haka. Irmiya ya yi magana da wata al'umma takamaimai da ke ƙarƙashin alkawarin Sina'i, ya ambaci laifofinta ɗaya-ɗaya, ya yi gargaɗi shekara da shekaru kafin abin ya zo. Wanda ya zo bayan an ƙone gari ya ce zunubinku ne, aikin abokan Ayuba yake yi, kuma Allah ya tsauta musu. Da aka kawo wa Yesu labarin Galilawan da Bilatus ya kashe, da mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa, cewa ya yi ba su fi sauran zunubi ba, ya juya gargaɗin kan masu tambayar (Luka 13:1-5).

A cikin littafin Irmiya ma lissafin ya juye. Waɗanda suka rage a Urushalima bayan 597 sun ɗauka su ne zaɓaɓɓu, waɗanda aka kwashe su ne masu laifi. A wahayin kwanduna biyu na ɓaure (sura 24), kamammun ne aka kira ɓaure masu kyau. In akwai wanda ya kamata sura 7 da 22 su hana shi barci a yau, shi ne mai danne haƙƙin ma'aikaci, mai cin amanar maraya da gwauruwa, mai zubar da jinin marar laifi, da mai karkatar da abincin da aka aiko wa sansani.

Littafin yana rikita ni, labaran ba a jere suke ba. Ta ina zan fara?

Gaskiya ne, ba a tsara shi bisa shekaru ba. Sura 21 tana zamanin Zadakiya, sura 25 da 26 su koma baya zuwa Yehoyakim, 32 ta kai ƙarshen kewaye, 36 ta sake komawa baya. Dabarar ita ce a duba sunan sarkin da ke farkon kowace sura. Fara da 2 Sarakuna 22 zuwa 25 don ka riƙe jerin sarakunan. Sa'an nan ka bi Irmiya kamar haka: 1, 7, 26, 25, 36, 24, 27 zuwa 29, 34, 37, 32, 38 zuwa 44. Ka bar 30, 31 da 33 sai ka gama da Makoki, daga nan ka wuce Ezra 1 zuwa 6.